Yadda Muka Raba Gidan Munkaila Gida Biyu

Jiya na ji ɗayanku yana waya da gida, yana cewa ya dace da aiki mai sauƙi a Doha, wai zuba kaya ne a kwali a liƙe da salatif. Yau Juma'a ce, babu mota babu kwantena, shayi kuma bai ƙare ba. Ku gyara zama in faɗa muku abin da na gani a sana'ar nan ta ɗaure kayan masu ƙaura, ni Isuhu mutumin Funtuwa, da furfura ta same ni a cikinta.

Gadi na fara yi, a ƙofar baya ta wani dogon bene a West Bay. Ta ƙofar nan masu kwashe kaya suke shiga. Da safe su hau da kwalaye a ninke, kafin la'asar sun sauko da gidan mutum ɗungurungum, gado da firji da madubi da keken yara, kowanne a lulluɓe. Abin ya riƙa ɗaure mini kai. Yaya za a ce kofin gilashi ya bar nan, ya kwana a teku wata da watanni, ya isa wata ƙasa bai tsage ba? Kullum sai na tare shugabansu da tambaya, wani dattijo ɗan Indiya da ake kira Usta Rajan, Usta kuwa a nan shi ne gwani mai koyar da sana'a. Ran nan ya gaji da ni, ya ce idan ina son sani in bar tsayuwa a ƙofa in zo in koya. Da wa'adina ya cika a kamfanin gadi, na bi shi.

A gida na yi lodin buhunan masara a mota, don haka ƙarfi ba shi ne matsalata ba. Amma Usta Rajan bai bar ni na taɓa kayan kowa ba sai da na daɗe a sito ina naɗe tsofaffin kofuna ina warwarewa. Hausa ba ya ji, ni ba na jin yarensu, da guntun Larabci da guntun Turanci da nuni muke fahimtar juna. In na gama kwali, sai ya ɗaga shi zuwa kunnensa ya girgiza. Ya ji ko ɗan motsi ne, zai ajiye mini shi ya wuce, ma'ana in buɗe in sake. A wurinsa na koyi cewa farantin tangaran a tsaye ake jera shi, ba a kwance ba. Littattafai ƙaramin kwali ake ba su, matashin kai babba. Ba a naɗe farin abu da jarida, tawadarta tana kamawa. Ledar nan mai kumfa da kuke fasawa da yatsa don wasa, ba a ɗora ta kai tsaye a kan katako mai sheƙi, domin zafin cikin kwantena zai buga zanenta a jikinsa har abada, sai an fara shimfiɗa farar takarda. Wuƙar kwali kuwa ɗan bakinta kaɗan ake fitarwa, don ba ka san abin da ke ƙarƙashin murfi ba. In ka kwance gado, ka zuba ƙusoshinsa a 'yar leda ka manna ta a jikinsa, saboda wanda zai haɗa shi a can ba zai same ka ya tambaye ka ba. Sannan ka jefa ƙullin nan mai shan danshi, tunda kayan da ya bar zafin Doha raɓar teku zai tarar.

Abin da ya riƙe ni a aikin dai mutane ne. Ba ka sanin mutum sai ka ga abin da ya ƙi bari a baya. Gidan Balarabe, sai ka yi gyaran murya ka jira mata su kauce kafin ka shiga, kuma turaren wutarsa da hannunsa zai ɗauka. Indiyawa tukwanensu. Turawa littattafai da hotuna, su bar maka firji sabo fil ba su waiwaya ba. Mutanenmu kuwa har jarkar da babu komai a ciki sai ta bi su.

Akwai wani aiki da aka tura mu a Al Aziziya, wani sashe na gidan da wata makaranta take ajiye malamanta. A takarda an rubuta kaya zuwa Ingila, don haka na sa ran Bature zai buɗe ƙofa. Sai ga baƙin mutum kamar ni, kakkaura, da tawul a kafaɗa. Ya ji na ce wa direba ya matso da mota cikin Hausa, sai ya washe baki.

"Yaya, ɗan Najeriya ne kai? Sannu da zuwa! Suna na Munkaila, daga Zangon Kumasi."

Kuku ne a wani otal a West Bay. Matarsa Baturiya ce 'yar Ingila, malamar makaranta, sunanta Keti. Suna da 'ya ɗaya, Ramatu, wadda a lokacin ba ta daɗe da iya magana sosai ba. Kun san Hausar Zango ba ta raba mace da namiji, don haka in na kwaikwayi maganarsa kada ku ce na ruɗe.

Na zagaya gidan ina ƙiyasta kwalaye, sai ya tsayar da ni. Ya ce ba duka za a kwashe ba, rabi ne.

Na ce, "Rabi kamar yaya? Ba tare za ku tafi ba?"

Ya ce, "Mata na da yarinya za su fara tafi. Maman shi ba lafiya, ba kowa a wurin shi. Ni zan bi su daga baya."

Ni dai a sanina in ka auri mace, inda take nan kake. Na tambaye shi me ya hana. Muna ninke kwalaye yana yi mini bayani. Ashe a ƙasarsu auren 'yarsu ba ya buɗe maka ƙofa. Sai ita ta koma ta kama aiki, ta yi watanni tana karɓar albashin da ya kai abin da suka yanka, ta nuna tana da wurin zama. Shi kuma ya ci jarrabawar Turanci, a duba ƙirjinsa a asibiti, su tara hotuna da shaidar cewa auren na gaskiya ne, sannan ya nemi biza ya jira.

Na ce, "To ita yarinyar fa, ba jininka ba ce?"

Ya yi dariya. "Ramatu yana da fasfo nasu. Ni kaɗai ne baƙo a gidan nan."

A irin wannan aikin salatif kala biyu muke amfani da shi. Ja na nufin kayan ya tafi, shuɗi ya zauna. Na ba Madam Keti ja, na ba Munkaila shuɗi, suka shiga ɗaki ɗaki. Ban taɓa ganin aiki mai tafiyar hawainiya irin wannan ba. Cokula ma sai da aka tsaya a kansu. A kicin suka fi daɗewa, a gaban wata babbar tukunyar ƙarfe da ya zo da ita daga Kumasi. Ita tana so ta tafi da ita, wai in tukunyar na can dole mai ita ya zo. Shi yana cewa da ita zai tafi in lokacinsa ya yi, ba zai isa gidan surukarsa hannu rabbana ba. Suna gardama suna dariya, can dariyar ta tsaya. A ƙarshe shuɗi aka manna mata.

Duk wannan Ramatu tana bin su tana kallo. Ta ga an manna ja a kan gadonta, ja a kan 'yar tsanarta, ja a kan akwatin uwarta. Sai ta je ta ɓanɓaro wani guntun ja daga jikin kwali, ta zo ta liƙa a ƙafar wandon ubanta, ta danne da tafin hannu kamar yadda ta ga muna yi. Madam Keti ta shige banɗaki ta rufe. Usta Rajan ya ce, "Yalla, yalla," wato mu hanzarta, muka ci gaba da aiki. Munkaila bai cire salatif ɗin ba har muka ja mota.

Gidan na makaranta ne, don haka da matar ta tafi shi ma dole ya fita. Ya koma masaukin ma'aikatan otal, gado ɗaya da ɗan kabad. Kayan da aka manna wa shuɗi muka ɗaure muka kai sitonmu na Sana'iyya, unguwar masana'antun nan da muke kwana, aka jera su a wata kusurwa. Ya ce watanni kaɗan ne.

Daga nan ya zama ɗan gida. Duk Juma'ar da ya samu hutu zai bi ta kasuwar Asian Town, ya sayo wa Ramatu wani abu, ya zo ya ce in buɗe masa kwali ɗaya ya saka. Takalma ya fi saye. Uwar za ta ɗora ƙafar yarinyar a kan ma'auni ta nuna masa a waya, ya je ya zaɓo daidai. Bayan wani lokaci ya dawo da wasu, ya ciro na farko, tunda ta wuce su. Na ce masa ya riƙa sayen masu girma, ya ce a'a, tafiyar ta kusa. Ni kuma ina samun wanda zan yi wa tambaya. Da gaske rana tana faɗuwa tun la'asar a can? Me suke ci da safe? Akwai masallaci a garin? Shi ma bai taɓa zuwa ba, abin da ya gani ta waya yake ba ni. Ya nuna mini layin gidajensu na jan bulo a manne da juna, da surukarsa a kujera da bargo a ƙafa tana ɗaga masa hannu.

Sai shekarar annoba ta shigo. Ku da kuka zo bayanta ba za ku gane ba. An rufe Sana'iyya, ba shiga ba fita, muna ɗakuna muna kallon juna. Jirage suka tsaya. Usta Rajan ya samu ya tafi gida da aka fara buɗe hanya, bai sake dawowa ba, aka ɗora ni a kan tawagarsa. Da aka sake mu kuwa aiki ya yi yawa, amma irin wanda ba a so. Mutane sun tafi hutu hanya ta rufe da su, aikinsu ya ƙare suna can, sai a ba mu mabuɗi mu shiga gidan da mai shi ba ya nan. Na tuna wani gida a West Bay. An yanke wuta da daɗewa, firji ya zama abin da ba a faɗa. Kofin shayi yana kan tebur ya bushe, littafin yaro a buɗe. Mai gidan yana wata ƙasa, na riƙe waya ina zagayawa da ita, yana cewa wannan ɗauka, wannan zubar. Kwantena ta yi wuya, kwali ya yi wuya, har tsofaffi muke juyawa mu sake amfani da su. Ga takunkumi a fuska cikin zafin da kuka sani.

A cikin wannan hali Munkaila ya zo sito wata rana da hantsi, ba Juma'a ba. Ya rame, babu leda a hannunsa. Ya zauna a kan wani kwali ya faɗa mini komai. Otal ya sallami mafi yawan 'yan kicin, har da shi. A can kuma aikin matarsa ya yi rauni da aka rufe makarantu, aka ce takardun albashinta ba su cika ba, aka ƙi ba shi biza. Sai sun sake daga farko. Idan kuma bai samu sabon kafili ba, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar nan, Ghana za a mai da shi, ya zauna ba aiki, yana nema daga can.

Ya ce, "Yaya Isuhu, buɗe su duka. Wanda yana so ya saya. Khalas, ya ƙare."

Na ce, "Madam ta sani?"

"Ban gaya ma shi ba. Shi ma yana kuka kullum, ga maman shi."

Ban buɗe ba. Na ce ya jira ni, na shiga wurin manaja. Muna da ƙarancin hannu, shi kuma yana da buƙata, ba wata doguwar magana aka yi ba. Da na fito na tambayi Munkaila ko zai iya ɗaure kaya, sai ya dube ni kamar na zage shi.

"Ni da na naɗe samosa ba iyaka? Kofi ne zai gagare ni?"

Ranar farko ya cika babban kwali da littattafai har baki, mu biyu muka kasa ɗaga shi. Washegari da ƙyar ya miƙe daga gado saboda ciwon baya. Kujera mai tsawo ta maƙale masa a kwanar matakala, ba gaba ba baya, mai gida yana tsaye yana kallo, sai da na zo muka tsayar da ita a kan gindinta muka juya. Ya yi makonni yana cewa bai san kaya suna da hali ba. Amma a kan abu mai fashewa, hannunsa ya fi nawa. Yatsun mai girki ne, sun saba da abu mai laushi. Ba a daɗe ba duk gidan da ke da tangaran da gilashi shi nake ba kicin. Ya daina ce mini Yaya, ya koma Usta, rabi wasa rabi gaske.

Abu ɗaya ya roƙe ni, duk aikin da zai tafi Ingila in sa shi a ciki. Na ɗauka zai yi masa ciwo, ya riƙa lodin kayan wasu zuwa inda aka hana shi. Ashe makaranta ya mai da gidajen. Yana naɗe faranti yana tambayar mai gida, garinku da nisa daga garin matata? Ina ake samun ayabar dafawa? Otal-otal ɗinku suna ɗaukar kuku irina? Turawan da ba sa ce mana komai sai na gode, sai ka ga sun jawo kujera suna ba shi labari. Wata dattijuwa ta ji labarinsa ta ciro rigar sanyin mijinta daga kwalin da muka riga muka liƙe ta ba shi, ta ce can zai fi buƙatarta. Jarrabawar Turancinsa ta farko wa'adinta ya ƙare, ya sake zama, ya ce wannan karon hira kawai ya je ya yi.

Bizar ta fito bayan an buɗe makarantu a can, matar ta samu aiki tsayayye, suka sake nema. Muna cikin wani gida ne, yana kan tsani yana sauke fitila, wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya sauko da fitilar a hankali, ya naɗe ta, ya sa a kwali, ya liƙe, sannan ya fita tsakar gida ya yi sujada a kan siminti mai zafi.

Kayan da suka daɗe a sito ba a loda su sai an buɗe an duba, wannan ƙa'ida ce. Ni da shi muka yi. Katifar yara, keke mai ƙafa uku, riguna, duk Ramatu ta wuce su. Robobi sun yi laushi saboda zafi, wasu kyandirori sun narke sun zama dunƙule ɗaya. Labule da kujeru kuwa matar ta riga ta sayi wasu a can. Kilishin da wani ya ba shi tsaraba na ce ya cinye a nan, ba a shiga da nama ƙasarsu. Ya rabar da kusan komai ga masu iyali a gida. Abin da ya cika kusurwar sito ya koma 'yan kwalaye da ba su kai tsayin ƙuguna ba: tukwanensa, wuƙaƙen sana'arsa, dardumar mahaifinsa, da hotuna. Shi ya ɗaure su da kansa. Ya miƙo mini ɗaya bayan ɗaya, na girgiza a kunne, ban ji komai ba. Mota ta kamfani muka kai shi filin jirgi da ita, yana sanye da rigar sanyin nan tun daga Doha, yana ta gumi, wai ba ta shiga jaka.

Bayan wani lokaci da tafiyarsa ya kira ni wata Juma'a bayan masallaci. Na tambayi kaya, ya ce ko cokali bai lanƙwashe ba. Na tambayi sanyi, ya ce duk abin da aka faɗa masa an rage. Ya samu aiki a kicin ɗin wani gidan kula da tsofaffi, surukarsa kuma ta kamu da son shinkafa da wakensa. Sai na tambayi Ramatu.

Ya ce da ya isa, ya durƙusa ya buɗe hannu, ta ɓuya a bayan uwarta. Kwana da kwanaki ba ta yarda ta zauna kusa da shi. In ya yi mata magana sai ta dubi uwar. Amma da lokacin kwanciya ya yi, sai ta ɗauko wayar uwarta ta ce a kira mata Baba ya ba ta labari, kamar yadda suka saba duk tsawon rabuwar. Uwar ta ce mata ga Baba nan a zaune, ta ce ba wannan ba, na waya.

Na ce, "To yaya ka yi?"

Ya ce, "Usta, na tashi na shiga kicin, na rufe ƙofa, na kira shi."

Haka suka riƙa yi. Yana kicin a kan kujera, tana ɗakinta a sama, yana ba ta labarin Zango da na Doha ta waya, tana dariya tana tambaya, matakala kawai tsakaninsu. Ran nan yana tsakiyar labarin wata kujera da ta maƙale a matakala, cajin wayarsa ya ƙare, ta mutu. Ya zauna yana neman igiyar caji a aljihu. Sai ya ji takun ƙafa a matakala, a hankali. Aka turo ƙofar kicin. Ga ta tsaye da kayan barci, wayar uwarta a hannu, tana dubansa.

Ta ce, "Baba, sai kuma aka yi yaya?"

Ya ce ya jawo mata kujera, ta ƙi kujerar, ta hau cinyarsa, a nan ya ƙarasa mata.

To, nan zan tsaya, shayin ma ya huce. Gobe muna da gida a Al Aziziya, mai shi yana da akwatin kifi na gilashi da ya kai tsawon mutum, kuma ni kaina ban taɓa ɗaure irinsa ba. Wanda yake son ganin yadda za mu yi da shi, ya riga mota fitowa.